Layar Jikan Dogo

Sualah ya fara shigowa shagonmu ne ba don ya sayi komai ba. Shagon takalma da jakunkuna ne a wani lungu na Naif, ni da ƙanwata Ramlat muke riƙe da shi. Duk wanda ya leƙo mana, ko dai ɗan kasuwa ne daga gida mai neman sari, ko mai amalanke ya zo kwasar kaya. Shi kuwa wannan dogon mutum sai ya tsaya a bakin ƙofa, ya yi sallama da Hausar mutanen Gana, ya ce don Allah ko muna zubar da ƴan ƙunshin nan masu kama da gishiri da ake samu a cikin kwalin takalmi. Idan zubarwa muke yi, yana so.

Na dube shi daga sama har ƙasa. Ni A'i na daɗe a Dubai. Na ga mai roƙon kuɗin mota, na ga mai aron waya ya arce da ita, amma mai roƙon shara ban taɓa gani ba sai ranar.

"Me za ka yi da su?" na tambaye shi.

"Takardu nake ajiyewa, Hajiya. Laima na ɓata su."

Kafin in sake buɗe baki Ramlat ta cika masa leda guda. Ya yi godiya kamar an ba shi kujerar Makka, ya tafi. Bayan wata ɗaya ya dawo. Daga nan tazarar ta riƙa raguwa, har na fara tambayar kaina wace irin laima ce a ɗakin mutumin nan da take cinye ƙunshi haka. Ramlat kuma, wadda tun mutuwar aurenta na farko ko dariya sai an roƙe ta, ta koma mai gyara ɗankwali duk ranar Lahadi da hantsi.

Ranar da ta gaya mini yana so ya turo manyansa, na kira Kawu Abdulganiyyu a Kano, don shi ya rage mana a matsayin uba, kuma shi ne waliyyinta. Kawu ba mai dogon zance ba ne. Ya ce, "A'i, ke ce idona a can. Abu biyu za ki binciko mini: me yake ci da shi, kuma jikan wane ne. In ban ji su daga bakinki ba, ba zan ba da ita ba."

Na farkon bai ba ni wahala ba. Sualah ɗan zangon Kumasi ne, ya haura arba'in. Da gadi ya fara a ƙasar nan, yana tsayuwa a ƙofar wani gidan sama har ƙafafunsa suka kumbura, sannan ya koyi tuƙa ƴar motar nan mai ɗaga kaya. Yanzu a wani babban sito yake aiki can Dubai Investments Park, inda ma'aikata suke kwana gado bisa gado. Matarsa ta rasu, ta bar masa ƴa guda, Faridatu, tana makaranta a Kumasi, kuma ba ya fashin aika mata. Duk wanda na tambaya abin da yake faɗa ke nan, ni kuwa yabon da ya yi yawa ba ya kwanta mini.

Sai na nemi Hamamatu, wata ƴar garinsu mai dafa garau-garau tana kai wa ƴan kago, masu aika kaya gida, a Murshid Bazaar. Na ja ta gefe na ce ta gaya mini tsakaninta da Allah.

"Sualah? Mutumin kirki ne paa," in ji ta. "Ba ya sha, ba ya caca. Abu ɗaya ne dai. Bashi yake tarawa. Akwati guda gare shi a ƙarƙashin gado, cike da bashi."

A garin nan bashi ba abin wasa ba ne, mutum zai je filin jirgi da jakarsa a ce masa ya koma. Na dawo shago ina huci, na ce wa Ramlat ta cire shi daga ranta. Yarinyar nan ta saurare ni har na gama, sannan ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Yaya, ba shi ake bi ba, ba shi yake bi ba kuma. Bashin ma na mutanen da suka mutu ne."

Ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Wai a da, idan ƙasa ta shiga yaƙi kuɗi suka ƙare, sai gwamnati ta ranta a hannun talakawanta, ta ba kowa takarda shaidar za ta biya shi bayan yaƙi. Takardun lamunin yaƙi ake ce musu. Waɗannan tsofaffin takardun Sualah yake bi yana saye, wasu ta waya daga ƙasashen Turai, wasu a shagunan masu tsofaffin kuɗi a Deira da Sharja. Ya ajiye su kawai yana kallo.

Maimakon hankalina ya kwanta, sai ya ƙara tashi. Na san labarin masu yawo da tsohuwar takarda suna cewa akwai miliyoyi a bayanta, kuɗin lauya kawai ake jira. Na san matan da suka sayar da gwal ɗinsu a kan irin wannan. Na ce a raina, to ashe ɗan damfara ne mai haƙuri, ya fara da shara zai ƙare da shago.

Na haɗa masa tarko. Akwai Ɗanladi, wanda yake mana kago zuwa Kano, mutum ne mai tumbi da ya dace da babbar riga. Na sa ya yi shigar alhazai, ya nemi Sualah a wani shagon shayi, ya ce ya ji labarin takardun, yana so ya zuba kuɗi a karɓo abin da ke bayansu a raba. Da la'asar Ɗanladi ya dawo yana tsaki.

"Hajiya, kin ɓata mini yini. Ya ce ko kofin shayi banki ba zai ba ni a kansu ba, duk wanda ya ce mini akwai kuɗi a ciki ɓarawo ne, khalas. Sannan ya tsare ni da tarihin yaƙin Jamus har shayina ya huce. Da zan tashi kuma ya ce in gaida Hajiya A'i."

Ashe ya sha ganin Ɗanladi yana ɗaure mana kwalaye. Na ji kunya, amma ba ta hana ni tunani ba. Ƙwararren macuci ai ba ya hawa tarkon farko.

Ana cikin haka na ga layar. Makullin shago nake nema a jakar Ramlat, hannuna ya taɓo wani abu mai tauri a aljihun ciki. Laya ce ta fata, baƙa ƙirin don tsufa, ta kai faɗin tafin hannu, an ɗinke ta ta kowane gefe. Ba irin ɗinkin Kano ba ne. Nan take komai ya haɗu a kaina: dariyar Ramlat, gyaran ɗankwali, yadda ba ta ganin laifinsa. Ga shi a ƙasar nan ba a wasa da maganar sihiri, abin da zai iya jawo mana rufe shago ne.

"Ajiya ya ba ni, Yaya," in ji Ramlat. "Ta kakarsa ce. Ya ce ita ce abu mafi tsada da ya mallaka, shi ya sa yake so ta zauna a hannuna."

"Haka duk suke cewa. Ki kira shi. Lahadi ya zo gida da akwatin nasa, a gabana za a yi ta ta ƙare."

Ya zo bayan azahar, ɗauke da akwatin ƙarfe a kafaɗa, ya sha jirgin ƙasa da tafiyar ƙafa, rigarsa ta jiƙe da gumi. Ya zauna a ƙasa kan darduma, ya ƙi kujera. Da ya buɗe akwatin sai ga ƴan ƙunshin shagonmu jere a kowace kusurwa. Takardun kuwa kowacce da rigarta ta leda. Akwai ta Amurka mai mikiya, akwai ta Jamus mai baƙin rubutu a cunkushe, akwai ta Japan mai hoton jiragen yaƙi. Wata ta Turkawan da ce, da rubutun Larabci mai lanƙwasa, na ɗan ja baya da na gan ta don ta yi mini kama da hatimi. Wasu suna da ƴan ƙananan tikiti jere a gefe, ya ce su ake yankewa a kai banki lokaci-lokaci.

"Na fi son waɗanda ba a yanke ba," ya ce. "In na ga tikitin a cike, nakan ce mai wannan bai dawo ba."

Ban bari ya ɗauke mini hankali ba. Na ajiye layar a tsakiyar darduma na ce, "Wannan fa? Kuma tunda ga mu ga juna, Kawu yana tambaya, kai jikan wane ne?"

Ya dubi layar. Ya ce tambayoyin nawa biyu ai amsarsu ɗaya ce.

Kakansa baƙo ne a zangon Kumasi. Daga ƙasar Hausa ya gangaro da fataken goro, bai koma ba, kuma kowa Dogo yake ce masa. Ya auri Mma Mariya, ba a daɗe ba Turawa suka ɗebi soja zuwa yaƙin Bama, can bayan teku, ya shiga. Kafin a tafi da su ya kawo mata takarda ɗaya, ya ce ya ranta wa Turawa wani abu daga albashinsa, ga shaida, ga sunansa da na mahaifinsa akawu ya rubuta da alƙalami. Ya ɗora yatsanta a kan wurin don ta gane shi, tunda ba ta karatun boko. Ya tafi ya bar ta da ciki, bai dawo ba.

"To ita ba ta san sunan mijinta ba?" na ce.

"Ta sani, Hajiya. Amma kin taɓa jin matar da ta faɗi sunan mijinta? Har ta rasu Malam take ce masa. Dattawan da suka ɗaura auren sun riga ta tafiya. Babana ma ɗan Dogo aka rubuta shi a makaranta. In na matsa mata sai ta ce sunan Malam yana cikin fata, kada in kuskura in buɗe."

Ya ce mahaifinsa ya sha tambayarta shi ma, har ya gaji ya bari. Ƙyanda ta kusa kashe mahaifin nasa yana jariri, ya tashi, ya rayu har ya yi furfura, kuma yana da wata magana da yake yawan yi: bai ga ubansa ba, amma Mma ta ce ya sha shi tun yana goye. Su dai sun ɗauka kamannin take nufi, don shi ma dogo ne.

Tun ranar da layar ta zo hannunsa yake son ganin abin da ke ciki, kuma yake tsoro. Shi ya sa da ya ga irin takardar a wani shago a Deira, shekarun da yake gadi, ya saya da kuɗin abincinsa don ya ga kamanninta. Daga ɗaya aka koma biyu, har akwati ya cika. Ya san yadda ta kowace ƙasa take, tasa ce kawai bai taɓa gani ba.

Labari ne mai daɗi, kuma daɗinsa ne ya dame ni. Na ce masa, "Malam Sualah, ni ƴar kasuwa ce, ba na sayen kwali a rufe. Ko dai a buɗe ta yanzu in ga ba asiri ba ne, in ga sunan da zan kai wa Kawu, ko ka ɗauki akwatinka da layarka, mu rabu lafiya."

"Yaya!" in ji Ramlat. Ban kalle ta ba.

Sualah ya sunkuyar da kai. Can ya ɗago ya dubi Ramlat, ba ni ba, ya ce, "Yalla, a kawo reza." Na miƙa masa, ya kai ta bakin ɗinkin, ya fasa. Sai ya turo mini layar, Hausarsa da ya daɗe yana gyarawa saboda mu ta koma ta zango. "Hajiya, kai ka buɗe. Ni ba zan iya ba."

Ramlat ce ta karɓa. Ta ɗauko ƙaramin almakashi ta riƙa tsinke zaren ɗaya bayan ɗaya. Fatar ta buɗe, a cikinta ƙyalle, a cikin ƙyallen takarda mai ninki da yawa, ta koma ruwan ƙasa. Na shirya ganin gashi ko allura ko ƙullin magani, ban ga ko ɗaya ba. Sualah ya ɗora ta a faranti, ya riƙa ɗaga ninkin da bayan cokali a hankali.

Takardar ce, kamar yadda ya faɗa. Ga kambin sarautar Ingila a sama, ga rubutun inji rangaɗaɗau bai goge ba. Ya bi layin da yatsa zuwa wurin suna, sai yatsan ya tsaya. Babu komai a wurin sai wani dishi-dishin shuɗi, takardar ta yamutse a daidai nan.

"Gumi ne," ya ce. "Gumi ya shiga."

Na jawo farantin gabana, don har a lokacin zuciyata tana raya mini ko shi ya goge. Amma zaren da Ramlat ta tsinke ya girme shi. Kuma gumi ta gefe yake shiga, gefen nan kuwa lafiya lau yake. Wannan tabon a tsakiya yake, zagayayye, daidai girman kan yatsa. Na san shi. Na sha ganin Innarmu tana yi mana idan zazzaɓi ya kama mu, ta sa takardar malam a bakin ƙwarya, ta ɗiga ruwa, ta murza da yatsa har tawadar ta sauka, ta ba mu mu sha.

"Ba gumi ba ne," na ce. "Wankewa aka yi."

Ya dube ni bai gane ba. Sai na ga ganewar ta sauko masa a fuska. Mma Mariya a lokacin yarinya ce ita kaɗai a zango, jaririnta ƙyanda na neman ɗauke shi, mijinta yana bayan teku, kuma rubutun hannu ɗaya tak take da shi a ɗaki.

"Babana ya sha shi," in ji Sualah. "Ashe da gaske ya sha shi."

Ya kifa kansa a gwiwa, ƙaton mutum, kafaɗunsa suna girgiza. Ramlat tana kuka a fili. Ni kuwa tausayi ya kama ni irin wanda ban shirya masa ba, na Mma Mariya da ban taɓa gani ba, da na wannan bawan Allah da ya yi shekaru yana tare laima daga takardun mutane, alhali tasa tun kafin a haifi shi ruwa ya gama da ita. Ban ce na yi kuskure ba, ƙanwata ce, dole in duba. Amma da ya shigo gidan nan yana da sunan kaka a ajiye, yanzu zai fita ba shi da shi, kuma ni na sa.

Ya share fuska, ya fara mayar da takardunsa cikin akwati. Ya ce, "Hajiya, ba ni da abin da za ki kai wa Kawu. Na gode da ƙunshin da kuke ba ni."

"Zauna," na ce masa. "Wa ya sallame ka?"

Na ɗauki waya na kira Kano a gabansu. Bayan gaisuwa Kawu ya ce, "To, me ake ciki?"

Na ce sana'arsa halal ce, na bincika ta sama da ta ƙasa. Ya ce, "Jikan wane ne?"

"Jikan Dogo ne, Kawu. Bahaushe ne, soja, ya tafi yaƙin Bama bai dawo ba."

"Dogo ai laƙabi ne, A'i. Dogo wa? Ɗan wa?"

Na dubi farantin, na dubi Ramlat da ta riƙe almakashi har yanzu ba ta sani ba. Na ce, "Kawu, na ga takardarsa da idona. Na ga inda aka rubuta sunan, na kuma san inda sunan ya tafi. Gidan mutunci ne."

Kawu ya san ni, ya san ko ɗan da na haifa ba na tsaya wa sai na juya shi ciki da bai.

"Ke kin lamunce masa?"

"Na lamunce masa. In wani abu ya biyo baya, ni za ka tambaya."

"To, su turo," in ji Kawu.

Na ajiye wayar. Sualah ya buɗe baki zai yi godiya, na ce ya riƙe abarsa, har yanzu idona yana kansa. Sannan na tashi na shiga ɗaki, na zazzage kwalin sabon takalmina, na kawo masa ƴan ƙunshi biyu na ajiye a gefen farantin.